Filin Shawara: Kafin A Ce Ƙwaƙwalwar Mota Ta Mutu

Wasiƙu huɗu na zaɓo mana wannan makon, dukkansu a kan tsofaffin manyan motoci ne masu ja da taya huɗu, irin su Prado da Pajero da Land Cruiser, waɗanda da su jama'a ke isa inda kwalta ta ƙare. Na ba su fili ne saboda matsalar wutar mota ba ta tsayawa a gareji. Tana cin kuɗin marayu, tana shiga tsakanin maigida da yaronsa, tana kuma zubar da mutuncin mai sana'a. Kamar yadda muka saba, na sakaya sunayen masu wasiƙun.

An ce ƙwaƙwalwarta ta mutu

Assalamu alaikum Anti. Maigidana ya rasu bara, ya bar Prado ƙirar 2005 mai shan fetur, da aka raba gado ta faɗo a rabona da na yara. Da ita ake kai su makaranta, da ita muke zuwa gona da damina, don hanyar ƙauyenmu ba ta biyuwa da ƙaramar mota. Wata biyu ke nan fitilu suka kunnu a gaban direba: mai hoton inji, da mai rubutun VSC, wani lokaci har da ta ABS. Wata safiyar ta tashi lafiya lau, wata safiyar ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru, in ma ta tashi sai mu ga agogonta ya koma ƙarfe ɗaya. Bakaniken da marigayi yake kai wa ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta mutu, ya faɗi kuɗin da ya kusa cinye amfanin gonarmu na bana. Ƙanin mijina kuma ya ce in sayar masa da ita yadda take tun ba ta zama gwangwani ba. Anti, ban san komai a kan mota ba, kuma ina jin nauyin in yi musu da maza. Yaya zan yi?

Uwar marayu, Funtuwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan maigida, Ya raya abin da ya bari. Kada ki biya kuɗin ƙwaƙwalwa, kada kuma ki sayar da motar, sai an yi abubuwan da zan lissafa miki.

Kin ce ba ki san komai ba, amma kin lura da abin da ya fi kome amfani, wato agogon nan. Agogon mota ba ya komawa ƙarfe ɗaya sai in wuta ta yanke masa ko ta yi ƙasa sosai. Ƙas-ƙas ɗin nan kuma kukan kik ne, yana so ya juya inji amma wutar da ke isa gare shi ba ta kai ba. Duka biyun batir suke nunawa, ko wayoyin da suka fito daga gare shi. Ƙwaƙwalwar da ta ƙone da wuya ta yi aiki yau, ta ƙi gobe, ta dawo jibi.

Ki nemi rewaya, mai gyaran wutar mota, wanda yake da mita. Ki ce masa gwaji kawai kike so, kuma za ki biya kuɗin gwajin daban. Awo huɗu zai yi a gabanki. Na farko, batir bayan mota ta kwana a kashe: cikakke yana nuna bolt 12.6, in ya nuna 12.2 rabinsa ya tafi, in bai kai 12 ba ya faɗi. Na biyu, a daidai lokacin da ake buga kik: bai kamata ya sauko ƙasa da 9.6 ba, in ya sauko batirin ya gaji ko da cajinsa ya cika. Na uku, inji yana aiki: daga 13.5 zuwa 14.5 ake nema, in bai kai ba altaneta ba ta caji yadda ya kamata, in ya haura 15 tana dafa batirin ne, kuma za ta iya ƙona kayan wuta. Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa. Akwai wayoyi masu kauri da suke haɗa baƙin kan batir da jikin mota da kuma inji, ta nan wuta take komawa. A motar da ta kai shekara ashirin tana shan laka da ƙura, bakin waɗannan wayoyin yakan yi tsatsa ko ya saki. Ya ɗora mita tsakanin baƙin kan batir da ƙarfen inji, a buga kik. In ya ga rabin bolt ko fiye, to a kwance su a kankare a ɗaure. Haka kawunan batirin: in akwai farin gari a jikinsu, ko an cusa ƙusa don su kama, a gyara su tun kafin a je ko'ina.

Yawan fitilun ma kada ya firgita ki. A motocin Toyota da yawa na zamanin motarki, da zarar fitilar inji ta kunnu, sai motar ta dakatar da tsarin hana santsi, fitilar VSC ta biyo baya. Na'urar ABS kuwa ba ta jure ƙarancin wuta, tana gani take kunna tata. Saboda haka fitilu uku suna iya zama matsala ɗaya tak.

Bayan an tabbatar da wuta, a duba fis-fis da rile, sannan a sa mata kwamfuta. Ki ɗauki hoton lambobin da suka fito da wayarki kafin a goge su. Ba a yanke wa ƙwaƙwalwa hukunci sai an auna an ga wuta tana isa soket ɗinta daidai, wayoyinta lafiya, amma duk da haka ta ƙi amsa kwamfuta, ko an buɗe an ga ruwa ko ƙuna a cikinta. In ma hakan ta tabbata, tambayar farko ita ce me ya kashe ta. Juya wayoyi wajen jona batir da wata mota, yin walda a jikin mota ba tare da cire batir ba, wanke inji da ruwa mai ƙarfi, maye gurbin fis da zaren waya, da kuma cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada altaneta, waɗannan su ne masu kashe ta. In ba a gano sanadin ba, sabuwar ma za ta bi ta farko. Ki kuma sani in motar tana da makulli mai tsaro, ƙwaƙwalwar da aka ciro daga wata mota ba za ta tayar da inji ba sai an daidaita ta da makullinki, wannan ma wani kuɗin ne.

Ban ce bakaniken macuci ba ne. Mutum yakan ƙware a inji da giya, amma wuta ba fanninsa ba ce. Ki gode masa, ki ce za ki bari a auna tukuna. Ƙanin mijinki kuwa ki amsa masa da ladabi cewa dukiyar marayu ce, ba za ki sa mata kuɗi ba sai kin san ainihin lafiyarta. Neman hujja kafin kashe kuɗin marayu riƙon amana ne, babu rashin kunya a cikinsa. In zuwa gareji ke kaɗai zai yi miki nauyi, ki tafi da ɗan'uwanki, amma ke za ki riƙe takardar awon.

Maigida yana zargina

Hajiya, ina gaisuwa. Ni direba ne, na daɗe ina tuƙa wani bawan Allah, tsakaninmu sai alheri. Motarsa Land Cruiser ce ƙirar 2003. Tun bayan sallar layya, in ta kwana biyu ba a tayar ba sai batir ya mutu. An sayi sabon batir har sau biyu, abin bai canja ba. Yanzu Alhaji ya fara jefa magana, wai ko ina fita da ita da dare, ko ina musanya batirin da tsoho. Wallahi Hajiya ban taɓa cin amanarsa ba, maganar nan tana hana ni barci. Abin da na sani kawai, kafin sallah an sa mata sabuwar rediyo mai allo da na'urar bin sawun mota. In ajiye masa makullinsa ne in kama gabana?

Direba, Sakkwato

Malam, kada ka ajiye aiki da zargi a kanka, don zai bi ka duk inda ka je. Wannan zargi ne da mita za ta iya wanke ka daga shi cikin awa ɗaya.

Batir sabo da yake mutuwa a ajiye, akwai abin da yake shan wutarsa bayan an zare makulli. Kowace mota mai ƙwaƙwalwa tana ɗan sha kaɗan don riƙe agogo da tsaro, amma bai kamata ya wuce amfiya 0.05 ba. Yi lissafi da kanka: in wani abu yana jan amfiya ɗaya dare da rana, cikin kwana biyu ya kwashe 48, alhali batirin irin motar nan abin da yake ɗauka bai fi 70 zuwa 100 ba, kuma tun kafin ya ƙare zai kasa juya inji.

Ga yadda rewaya zai kama ɓarawon. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi. A cire baƙin kan batir, a saka mita a tsakani ta ɓangaren auna amfiya. A jira kamar rabin awa, domin na'urorin mota ba sa yin barci nan take. Kada kowa ya buga kik mita tana jone. In abin da ta nuna ya yi yawa, sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. Wanda aka zare lamba ta faɗi, layinsa ne mai laifi. Tunda ka ce abin ya faro bayan an sa rediyo da na'urar bin sawu, daga nan za a fara. Sau da yawa masu sakawa sukan fere waya su jona kai tsaye da layin da ba ya mutuwa, maimakon layin da makulli ke kashewa. In an zare fis duka ba a ga canji ba, a duba abin da aka jona a kan batir kai tsaye, sannan a duba altaneta, domin in wani abu ya lalace a cikinta takan riƙa tsotse batir da dare ko da tana caji da rana. A leƙa ƙananan fitilu ma, irin ta akwatin gaban fasinja da ta birki, ko akwai wadda ba ta mutuwa.

Sai maganar Alhaji. Ka same shi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a gaban mutane ba. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a yi gwajin nan a gabanka." Daga yau kuma kowane dare ka rubuta lambar kilomita, ka miƙa masa ita tare da makulli, a kuma yi wa batirin alama da fenti. Mai gaskiya ba ya tsoron awo. In gaskiya ta fito, kada ka tsaya jiran ya ba ka haƙuri da baki, manya da yawa da aiki suke bayarwa. Amma ka faɗa masa sau ɗaya, cikin girmamawa, cewa maganar ta yi maka ciwo.

Fitilar ogzilari ta ƙi tsayawa

Anti, barka da aiki. Ina aikin duba lafiyar shanu a rugage, da Pajero ƙirar 1998 nake hawa tsaunuka. In na sa ogzilari, fitilun tayoyin gaba da ke gaban direba sai su yi ta ƙyaftawa ba su tsayawa, ban san ko ta shiga ko ba ta shiga ba. Damina ta kankama, an kuma ce sai an sauke giya. In yarda?

Ma'aikaci, Gembu

Ƙanena, kada ka yarda tukuna. Ƙyaftawar nan ma'anarta na'urar tana jiran tabbaci ne daga wasu ƙananan makunnai da suke jikin akwatin rabon giya da kuma gindin tayoyin gaba. Ko dai ta shiga amma makunni bai kai labari ba, ko kuwa da gaske ba ta shiga ba. Ka fara rabe wannan: ka sami wuri mai santsi inda babu haɗari, wani ya tsaya gefe ya ga ko tayoyin gaba suna ja.

Daga nan a bi daga mai sauƙi. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, iskarsu daidai, domin bambancinsu yakan ɗaure giya ta ƙi shiga ko ta ƙi fita. Ka miƙe sitiyari, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka ɗan ja baya, wani lokaci wannan kaɗai ya isa. A irin Pajeronka, iskar da inji ke zuƙa ce take haɗa ƙafar gaba, ta cikin siraran tiyo na roba da wasu bawul guda biyu masu aiki da wuta. Robar da ta haura shekara ashirin da biyar takan tsage, ɓera ma yakan ci. Soket ɗin da suke ƙarƙashin mota kuwa laka da ruwan rafi suke sha kullum, a cire su a wanke a busar. Sandar da iskar take turawa takan cije in an daɗe ba a motsa ta ba, shi ya sa yake da kyau ko da rani a riƙa sa ogzilari lokaci-lokaci a hanyar ƙasa. Ƙaramar giya ba a sa ta sai an tsaya cak, kuma kada ka kulle giyar tsakiya a kan busasshiyar kwalta. Sauke giya shi ne na ƙarshe, bayan duk waɗannan sun fita zargi. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka gama wannan a gari kafin ka sake hawa dutse.

Na sayi kwamfuta, ta kunyata ni

Mama, ina wuni. Ni yaron gareji ne, ina koyon rewaya. Na tara kuɗi na sayi ƙaramar kwamfutar gwaji da ake haɗawa da waya. Aka kawo wata Land Cruiser mai silinda takwas tana shan mai tana kakkarwa a silo. Na jona, ta ba ni P0171 da P0174. Na ce wa mai motar sensar salansa ce, ya bayar da kuɗi na sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa na ɗaura. Kwana uku fitila ta dawo. Mutumin ya zage ni a gaban jama'a, ogana kuma ya ce dama na'urar ƙarya take yi, in jefar da ita in koyi aiki da kunne. Mama, wa ke da gaskiya?

Ɗan koyo, Kano

Ɗana, na'urarka ba ta yi ƙarya ba, kuma kada ka jefar da ita. Lambar da take bayarwa kamar yaro ne da ya ce cikinsa yana ciwo: ya faɗi inda yake jin abin, amma gano cutar aikin mai magani ne. P0171 da P0174 cewa suke iska ta fi mai yawa a ɓangarorin injin biyu. Sensar da ka canja ita ce ta kawo rahoton, kuma rahoton gaskiya ne. Tunda ɓangare biyu suka yi kuka tare, da wuya a ce sensa biyu sun mutu rana ɗaya. Ka nemi abin da suka yi tarayya a kai: babban tiyon iska da ya tsage bayan sensar auna iska, ko ita sensar iskar ƙurar hunturu ta rufe ta, ko famfon mai ya yi sanyi, ko matatar mai ta toshe.

Na'urarka za ta iya raba maka su in ka wuce shafin lambobi ka shiga inda take nuna abin da inji yake yi a lokacin. Dubi yawan man da ƙwaƙwalwa take ƙarawa don cike giɓi. In ya haura kashi 10 cikin ɗari akwai magana. In yana da yawa a silo, amma ka taka totur zuwa juyi 2,500 ya sauko, iska ce take satar hanya. In kuwa ƙaruwa yake yi yayin da inji ke ɗaukar nauyi, ka auna ƙarfin famfon mai, ka duba sensar iska. Ka dubi zafin ruwa ma. Injin da ya yi ɗumi yakan zauna tsakanin digiri 80 da 95. In ka ga ya kasa kaiwa, ka tambaya ko an cire tamostat an jona fanka kai tsaye kamar yadda aka saba a garejinmu, domin hakan yakan sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka inji bai yi ɗumi ba, ta yi ta zuba mai.

Ka kuma san iyakar abin da ka saya. Soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari ya zama dole a motocin Amurka tun ƙirar 1996, a Turai kuma 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu gas. Harafin farko na lamba yana faɗa maka fanni: P inji da giya, C ƙafa da birki, B kayan jikin mota, U sadarwa tsakanin na'urori. Ƙananan kwamfutoci yawanci na inji kaɗai suke karantawa, ABS da ogzilari sai babba, irin Techstream ta Toyota. Wasu motocin da aka ƙera don ƙasashen Larabawa da Afirka suna da soket ɗin amma ba sa amsa ƙaramar na'ura. Tsofaffin Toyota na kafin wannan tsarin kuwa, ana haɗa bakin TE1 da E1 ne a ɗan akwatin gwaji, a murɗa makulli, a ƙirga ƙyaftawar fitilar inji. Wannan oganka ya san shi tun kafin ka iya riƙe sifana.

Saboda haka kada ka raina shi. Kunnensa da hancinsa da hannunsa sun san tiyon da yake tsagewa da wayar da take gogar ƙarfe a kowace irin mota, abin da babu allon da zai nuna maka. Ka riƙa kai masa abin da na'ura ta nuna kana tambayarsa, "Oga, a ina irin wannan ya fi faruwa?" Ranar da kuka kama matsala tare, shi da kansa zai fara cewa a ɗauko ta.

Mai motar kuwa yana da haƙƙi a kanka, duk da zagin da ya yi bai dace ba. Ka je ka same shi, ka ce ka yi gaggawar yanke hukunci, ka roƙi ya dawo da motar ka gano matsalar ba tare da kuɗin aiki ba. In tsohuwar sensarsa tana nan lafiya, ka mayar masa da ita, ku daidaita a kan kuɗin sabuwar ko da biya kaɗan-kaɗan ne. Daga yau ka ɗaukar wa kanka ƙa'ida: ba za ka ce wa kowa ya sayi kaya ba sai ka auna ka ga na jikin motar ya mutu, kuma za ka iya nuna masa awon da idonsa. Za ka fi sauran jinkiri, wasu ma za su ce ba ka da zafin nama, amma motar da ka gyara ba za ta dawo da ciwo ɗaya ba, kuma wannan shi ne abin da yake tara wa mai sana'a jama'a. Allah Ya yi wa sana'arka albarka.

Masu karatu, duk mai aiko da tambaya a kan mota ya rubuto da ƙirarta da shekararta, da lokacin da matsalar take tasowa, da aikin ƙarshe da aka yi mata kafin ta fara. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.